Tsaga a Farcen Tanko Mai Zuma

Ranar da Tanko mai zuma ya miƙo mini ƙafarsa a rumfar wanzamai har yau ba ta fita daga raina ba. Ranar kasuwa ce, a farkon kaka, dawa ta fara nuna. Lokacin ina Magajin Aska a nan Birnin Gwari, ƙarƙashin Sarkin Aska Gambo, Allah ya ji ƙansa.

Ku da kuke cikin sana'ar kun san tsarin, amma bari in faɗa saboda baƙi. Sarkin Aska shi ne shugaban wanzaman gari, Magajin Aska ke biye masa. Aski da ƙaho da tsagar gado, kowane wanzami yana yi da kansa. Amma duk aikin da zai raba mutum da wata gaɓa ta jikinsa, ba a taɓa shi sai Sarkin Aska ya gani da idonsa ya amince, kuma wani daga iyalin mutumin ya zo ya shaida. Wanda ya ga baƙon ciwo ya ɓoye, ana iya karɓe masa zabira.

Tanko mutumin wajen Tabanni ne, gidansa na can bakin daji. Sana'arsa ɗaura amya a kan manyan itatuwa, in zuma ta nuna ya hau ya ɗebo. Ba takalmi yake hawa, da babban yatsan ƙafa yake kama igiya da ɓawon itace. Ran nan ƙaho ya zo in yi masa a sha-raɓa. Ina ɗaga ƙafarsa ta dama sai na ga farcen babban yatsan, rabinsa baƙi ƙirin, tun daga tushe.

Na ce, "Tanko, ka yi tuntuɓe ne?"

Ya ce, "A'a."

"Wani abu ya faɗo maka a kai?"

Ya dubi maharban da ke zaune suna jiran aski, abokan shiga dajinsa ne, ya ce, "Ni dai haka na gan shi, Magaji. Ba ya ciwo. Yi mini ƙahona in tafi."

Na yi masa ƙaho, amma ban bar shi ya tafi ba. Na kai shi zauren Sarkin Aska, maharba biyu suka biyo mu don su ji abin da ake ciki.

Akwai dalilin da ya sa baƙin farce ba abin wasa ba ne a wurinmu. Ciwon daji iri-iri ne, kuma akwai wani irinsa da ke farawa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, kamar an ɗiga tawada. Ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi. Sannu a hankali sai ya tsallako kan fata, ya fashe, kaluluwa ta fito a matsematsi. In ya kai nan, sai addu'a. Ba a cika ganinsa ba. Wanzami yana iya tsufa bai gamu da shi ba. Sarkin Aska Gambo sau biyu ya gan shi. Na farko a ƙafar wata Bafulatana, yana saurayi, mahaifinsa ya cire yatsan da wuri, ta rayu har ta goya jikoki. Na biyu a ƙafar wansa, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi an jira. Bai ga daminar gaba ba.

Sarki ya fito da Tanko ƙofar zaure inda rana take, ya wanke yatsan, ya daɗe yana dubawa. Shi ma ya tambaya ko an buge, Tanko ya ce a'a. Sai Sarki ya ce, "To, ka je ka zo da wani naka. Yatsan nan fita zai yi."

Tanko ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce, "Baba Sarki, in ka cire yatsan nan ka sauko da ni daga itace ke nan har abada. Ni ko gonar kirki ba ni da ita. Ga matata da ɗanyen goyo."

Sarki ya ce, "Gara ka ci tuwo da yatsu tara da a ci na sadakarka kana da goma."

Na nemi izini in yi magana da Sarki a keɓe, muka shiga ciki. Na ce masa abu biyu na lura da su. Na farko, baƙin bai taɓa fatar gefen farce ba ko kaɗan. Na biyu, a cikin rana gefen baƙin yana ɗan yin ja. Na ce, "Ranka ya daɗe, lallen da mata ke sawa da salla, ai tafiya yake da farce. Bayan wata biyu sai ka ga tushen ya fito fari, lallen ya matsa gaba. Mataccen jini ma haka yake yi. In jini ne, zai bar tushe. In daji ne, a tushe yake zaune, duk farcen da ya fito da baƙinsa zai fito."

Ya ce, "Wannan na san shi kafin a yi maka kaciya. Amma jini ba ya taruwa banza, kuma mai ƙafa ya ce bai buge ba. Jira, Magaji, shi ya cinye mini ɗan'uwa."

Ya shafa gemu. Can ya ce, "Kuma in an jira, wa zai ce ya matsa ko bai matsa ba? Kai? Idon da ke son abu yana ganinsa ko babu shi."

Ya tashi ya zaro aska daga zabira. Da Tanko ya hango askar ya janye ƙafa. Sarki ya ce, "Miƙo, matsoracin banza. Kai da ƙudan zuma ke harbi ba ka gudu." Ya kama yatsan, ya yi wata 'yar tsaga a kan farcen, daidai inda ya fito daga nama, ba ta kai ga jini ba. Sannan ya yi bayani a gaban kowa. Tsagar nan za ta tafi da farce. Abin da ya fito a bayanta shi ne alƙali. In fari ne, an bar yatsa. In baƙi ne, an cire.

Ya gindaya sharuɗɗa. Tanko zai riƙa zuwa kowace ranar kasuwa. Ba hawa itace, ba shafa komai a wurin. In baƙin ya taɓa fata, ko aka ji kaluluwa a matsematsi, ranar za a yanke, ba jiran gobe. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai ka roƙi jira, kai za ka riƙa dubawa. Abin da ka gani shi za ka gaya mini, ba abin da kake fata ba."

Farcen ƙafa ba ya sauri. Kasuwa ta ci ta sake ci, ba abin da ya sake. Yadda nake yi shi ne, in wanke yatsan da ruwan ɗumi, in goge, in juya shi wajen rana, in duba gefe da gefe, sannan in shigar da shi bayan zana in laluba matsematsinsa. Daga nan in je in shaida wa Sarki. Tanko ya rame. Sau biyu yana buɗe baki kamar zai gaya mini wani abu, sai wani ya shigo rumfa, ya ce ba komai.

Wata rana ya zo, na ga fatar gefen farcen ta yi baƙi. Na sa ruwa, sai baƙin ya bi ruwa. Ashe wani maharbi ne ya ba shi garin gawayi da man kaɗanya ya shafa. Ran nan Sarki ya yi masa faɗan da har masu awo suka jiyo. Ya ce, "In ka ƙara, ba yatsa zan fara yankewa ba, kunnen da ba ya jin magana zan fara da shi."

Da wata biyu suka shuɗe, sanyi ya shigo, lokacin ɗaura sababbin amya yana wucewa, Sarki ya sa rana. Ya ce ranar za a yanke hukunci, Tanko ya zo da shaida. Danginsa suna nesa, sai ya zo da matarsa Kande, da goyonta a baya. Muka zauna a ƙofar zaure da hantsi, ni da Sarki da wanzamai biyu manya. An tafasa ruwa, an wasa aska, an ajiye maganin tsayar da jini a ƙwarya.

Ni na wanke yatsan. Na matsa na ba Sarki wuri.

Tsagar ta bar tushe, ta yi gaba kamar faɗin ƙwayar dawa. A bayanta sabon farce ya fito fari tas, siriri, kamar jinjirin wata. Baƙin gaba ɗaya yana gaban tsagar.

Sarki ya duba daga dama, ya duba daga hagu. Ya kira sauran biyun su ma suka duba. Ya shiga da Tanko ciki ya laluba matsematsin da hannunsa. Da suka fito ya ɗauki askar ya naɗe, ya mayar zabira. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Jini ne." Na san ba Tanko kaɗai yake tunani ba, har da wansa.

Tanko ya kifa goshi a ƙasa. Mu muna ta barka. Sai Kande ta ce, "Baba, don Allah askar ta mece ce? Shi ce mini ya yi ƙaho ake yi masa."

Sarki ya ce, "Yatsan mijinki muka so cirewa, 'yata. Baƙin nan ne ba mu san mafarinsa ba."

Ta dafe ƙirji. "Yatsa? A kan turmi?"

Tanko ya ce, "Ke!"

Ta ce, "Wallahi sai na faɗa, maigida." Ta faɗa kuwa. Da ta haihu a ƙarshen damina, rafi ya cika, uwarta ba ta samu hayewa ba, ita kuma zazzaɓi ya kwantar da ita. Ba mace kusa. Sai Tanko ya ja turmi bayan ɗaki, ya kare da zana, ya riƙa yi mata dakan kunu. Da yake bai iya ba, wata safiya ya sauke taɓarya a gefe, turmin ya kife masa a kan yatsa. Ta ce, "Har kwana uku yana ɗingishi yana ce wa mutane ƙaya ce."

Wanzamai biyun nan suka kasa riƙe dariya. Ni ma na sunkuyar da kai. Sarki ya ce, "Tanko! Ka gwammace a raba ka da yatsa da a ce ka yi daka?"

Tanko ya ce, "Baba Sarki, a gaban maharba kuka tambaye ni. Ka san bakinsu. Yatsa ni kaɗai zan rasa, amma wannan magana har jikokina sai an yi musu waƙa da ita. Kullum cewa nake gobe zan gaya wa Magaji. Da na ji labarin ɗan'uwanka kuma, sai tsoro ya kama ni, na ce ko turmin ne ya tayar da ciwon."

Sarki ya yi dariya har da hawaye. Da ya huce ya matso kusa da shi, ya rage murya ya ce, "Ni ɗin nan da kake gani da rawani, shekarar da uwar 'ya'yana ta kwanta, tuwo na tuƙa. Ya yi gudaji, amma an ci." Ya dubi Kande ya ce, "Riƙe shi da kyau. Irinsa ba su cika kasuwa ba."

Ta ce, "Kunun ma ba laifi, Baba. Tsaki ne dai ya yi yawa."

Ranar Sarki ya ce abin da aka ji a zaure ya tsaya a zaure, kuma ya tsaya. Da kuka ji ni ina faɗa yau, Tanko ne da kansa ya riƙa ba da labarin bayan ya tsufa, yana ƙara masa gishiri.

Abu biyu suka shiga aikinmu daga wannan rana. Na farko, tsagar farce. Duk baƙin da bai taɓa fata ba, muna tsagawa mu duba kowace kasuwa. Amma ku ji ni da kyau: wanda ya tsallako fata, ko wanda ya biyo bayan tsaga, ba a jiransa ko kwana ɗaya, kuma ba ƙaramin wanzami ke yanke wannan shawara ba. Na biyu, ba a ƙara tambayar mutum mafarin ciwonsa a gaban jama'a ba. A ja shi gefe, a rage murya, in yana da mata a tambaye ta. Mutanenmu suna jure aska ba su ce uffan ba, amma ba sa jure dariyar abokai.

Tanko ya koma kan itace a makon nan. Da bazara ya kawo wa Sarki tulun zuma, ni ma ya kawo mini ƙwarya guda. Da damina ta zagayo, tsagar ta iso bakin yatsa tare da sauran baƙin. Ya zo rumfa ranar kasuwa ya miƙa ƙafa, Sarkin Aska Gambo ya zaro askar nan da aka wasa dominsa, ya yanke ɗan guntun farcen ya ɗora masa a tafin hannu.

Iyakar abin da muka cire daga jikin Tanko ke nan.