Ƙwan Fitilar Baffa

Jiya a kasuwar Maƙarfi na ga ƙwan fitilar kananzir jibge a kan tabarma, ko mai tayawa babu. Sai na tuna da Baffa.

Baffana mai fito ne a rafin garinmu. Da damina, kullum bayan la'asar yakan goge ƙwan fitilarsa da toka da bakin riga, ya rataye ta a goshin kwalekwale, don waɗanda suka yi yamma a kasuwa su hango daga ƙetare. Yakan ce, "Mai fito ba ya ɓuya." Har yau ina jin warin kananzir da jiƙaƙƙen itace a jikinsa.

Lokacin yaƙin Turawa ƙwan ya fashe. Muka taka Ikara, muka taka Kudan, babu. Sai a wani kanti a tashar Likoro muka gan shi.

Baffa ya rusuna ya ce wa akawu, "Ranka ya daɗe, ƙwai ɗaya nake so, da lagwani."

Akawu bai ko ɗago ba. "Na masu kawo gyaɗa ne, tsoho. Ina buhunka?"

"Ruwa ne gonata."

"To, ruwan ya ba ka."

Alhali gyaɗar garinmu da ke tsakar kantin nan, a kwalekwalensa ta ƙetaro. Baffa ya juya ya fita. Ya dawo ya liƙe fasasshen da ƙaro, ya ɗaure da waya, yana tare iska da tafin hannu har ya yi tabo. Kafin yaƙin ya ƙare ya rasu.

Jiya na sayi ɗaya. Ga shi nan a ɗaki, ba wanda zan miƙa wa.

Allah ya haskaka kabarinka, Baffa, can inda ba a tambayar buhu.