Kwana Bakwai da Aka Ce In Huta

A lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara hamsin da tara, ban daɗe da ajiye aikin tafinta ba. Haifaffen unguwar Misfala ta Makka ne ni, kakana ne ya zo daga ƙasar Kano da ƙafa bai koma ba. Aikin yi wa alhazai tafinta ya kai ni Sudan, Turkiyya, Malesiya da wasu wuraren, har nakan ɗauki kaina mutumin da ya ga duniya, wanda ba abin da zai ruɗa shi. Bayan ciwon suga ya ɗauke wana, likita ya ce ni ma hanyar nake bi. Na fara tafiyar ƙafa, na koma gudu, daga nan na faɗa cikin wasu 'yan Jidda masu shirin gasar nan mai wasa uku a jere: iyo a teku kusan kilomita biyu, keke kilomita casa'in, sannan gudu ashirin da ɗaya. Shekara biyu na yi ina shiri. Keke a hanyar Arfa bayan asuba, lokacin da filin yake wayam ba alhaji ko ɗaya, iyo kuwa sai na je Jidda duk ƙarshen mako. Abokan zamana a unguwa suka samu abin yi. Ɗayansu kullum in ya gan ni da gajeren wandon gudu sai ya tambaye ni ko wandon jikana na ara, ya ce tsarana suna neman sahun gaba a masallaci, ni ina neman lambar yabon da ake ratayawa a wuya. Duk burina in tsaya a bakin ruwan nan ranar gasa, in gama, ko da ni ne na ƙarshe.

Saura kwana bakwai, mai horar da mu, wani Bamisire mai yawan dariya, ya ce aiki ya ƙare. Ya ce daga yanzu ba abin da zan ƙara wa jikina sai dai in rage masa, in ci, in yi barci, in ɗaga ƙafafuna sama. Na ce masa wannan ai shi ne mafi sauƙi. Ashe duk shekara biyun ba makon da ya kai shi wuya. Da na zauna sai gwiwa ta fara ciwo, in na tashi ya koma kafaɗa, in na taɓa wurin kuma babu komai. Na shirya jaka na kwance ta ya fi sau goma. Da safe ina ɗokin ranar ta zo, da la'asar ina fatan a ce an ɗage. Na yi wa maiɗakina faɗa a kan gishirin miya, abin da ban taɓa yi ba. Ta dube ni ta tambaya ko tsoro nake ji, na ce wane irin tsoro. Na ga Baturke ya faɗi fargabarsa a teburin shayi a yi dariya a wuce, na ga mutumin Malesiya ya tara iyalinsa a yi masa addu'a. Mu kuwa an raine mu a kan namiji ya ce lafiya lau. Harshe biyar nake ji, amma ban iya ce mata e da ko ɗaya ba.

Ɗan Makka in zuciyarsa ta ƙi kwanciya, wuri ɗaya ya sani. A rana ta biyu na taka daga gida zuwa Harami. Ƙasa ta cika da masu umara, sai na hau bene na sama, inda zagaye ɗaya kaɗai tafiya ce mai nisa, na yi ɗawafin nafila ƙafa ba takalmi a kan marmara. Na fito zuciyata wasai. Washegari na koma na yi biyu. Na huɗu ma haka. A lissafina wannan ba motsa jiki ba ne, ibada ce, ban taɓa haɗa su a ma'auni ɗaya ba. Shi ya sa da mai horarwa ya kira ya tambaya ko ina hutawa, na ce masa ko ƙofar gida ban yi gudu ba, ban kuma ji na yi ƙarya ba. Ƙafar da ta saba da takalmi mai laushi shekara biyu, ita na ɗora wa awowi a kan dutse. Dunduniyar hagu ta fara yi mini magana tun rana ta uku, amma na sa ta cikin ciwukan ƙaryar da suke yawo a jikina.

Saura kwana biyu na sauko daga gado na kasa dafa ƙasa. Likita ya matsa tafin ƙafar na kusa ihu, ya ce jijiya ce ta kumbura sosai, in na yi gudu a kanta zan iya yin wata da watanni ina ɗingishi. Mai horarwa da ya ji labari bai yi dariya ba a ranar, ya ce da na faɗa masa da ya ce in je in zauna da Alƙur'ani ina kallon Ka'aba. A mota muna dawowa, da muka kusa gida maiɗakina ta ce, "Alhaji, da likita ya ce ba za ka yi ba, na ga fuskarka. Ajiyar zuciya ka yi."

Gaskiya ta faɗa, kuma shi ne abin da ya sa na rubuto muku. Abin da na fara ji sauƙi ne, kamar an sauke mini kaya, baƙin cikin sai daga baya ya zo. Har yau ban san ko mantuwa ce ta kai ni benen nan sau uku ba, ko kuwa wani sashe nawa ne yake neman hanyar fita wadda ba wanda zai iya zargi. Wa zai ce wa mutum don me ka yi ɗawafi? Ko abokan nawa masu tsiya, da suka ji dalili, Allah ya karɓa kawai suka ce.

Ibada ba ta cuce ni ba, ni ne na ɓoye a bayanta. Duk wanda ya daɗe yana shirin wani babban abu, ya sani kwanakin jira su ma cikin aikin suke, kuma a nan ne mutum yake ɓata abin da ya gina da hannunsa. In an ce ka huta, ka huta da gaske, kada ka sake wa wahala suna. In kuma wanda ya san ka ya tambaye ka ko tsoro kake ji, ka ce e. Da na faɗi haka a gaban kwanon miyar nan, da wataƙila na tsaya a bakin ruwa ranar, ina rawar jiki tare da sauran.