Ranar da Na Gyara wa Baba Ilu Waƙa

Ba na jin zan manta ranar da Baba Ilu ya zo sauraron albam ɗinsa a sitidiyonmu na Tanout, ana gab da yankan hatsi. Ku sababbin shiga ba ku san shi ba. A da shi ne mawaƙin wata ƙungiyar jaz a Damagaram, masu jita da saksafon, kafin ya koma noma a Gangara. Maigidanmu ne ya lallaɓo shi ya yi waƙoƙi shida a kan kiɗan zamani, irin wanda samari ke sawa a waya.

Aikina ɗaukar murya da haɗa ta da kiɗa. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma kunnena ƙalau. Da na saurara sai na ji tsohon kullum a makare yake: ganga ta faɗi, shi sai ya ɗan jinkirta kafin ya shigo. Na ce tsufa ne. Kwana uku ina yanka muryar ina jawo ta, kalma bayan kalma, har ta hau kiɗa daidai. Muryar ta asali kuwa na goge ta, don na'urar ɗaukarmu ta cika.

Ranar da Baba Ilu ya zo sauraro, ya ji rabin waƙa ya ɗaga hannu.

"Sallau, wa ya biyo ni da sanda a nan?"

"Baba, gyara na yi muku. Kuna makara."

"Shekara arba'in ina koyon makarar nan, kai ka kashe ta a kwana uku. Wannan ba ni ba ne, kuma ba za ta fita da sunana ba."

Maigida ya dube ni ya ce, "In Baba ya hau motar Gangara bai sake rerawa ba, kai ma ka nemi mota."

Na durƙusa na faɗi gaskiya cewa na goge. Tsohon ya yi dariya har da tari.

"Zan sake. Amma kana danna abin ɗauka ka tashi ka dafa mini shayi. Hannun nan naka ba ya zama wuri ɗaya."

Haka aka yi. Ina bakin ƙofa ina fifita gawayi, a nan na fara jin abin da kyau. Ɗan jinkirin nan shi ke sa mutum ya miƙa wuya yana jiran kalmar, in ta zo ta zauna masa a ƙirji.

Na'ura tana nuna maka inda murya ta kauce, ba ta gaya maka ko da gangan aka kauce. Ku tambayi mai waƙa kafin ku taɓa, ko ku koyi dafa shayi.