Yadda Anka Sa Ni Maida ma Kwamfuta Ƙaryarta

In kun so ku yarda, in kun ƙi ku bari: ni nan da kuke gani, soja ya taɓa ba ni oda in koya ma kwamfuta ƙarya, kuma na koya mata.

Zamanin kuɗin mai ne. Anka sawo muna ita ma'aikatarmu, girmanta ya kai shagon mai awo, sanyin ɗakinta kuwa har abokaina na Tudun Wada sunka koyi zumunci da tsakar rana. Da kati mai huda muke ba ta aiki. In aikin ya cije, akwai wani ɗan shiri, wato furogiram na cikin kwamfutar, da wani Ba'indiye ya rubuta kahin ya koma gida: ka kira shi, ya gaya maka layin da kuskure yake. Sai dai maƙaryaci ne. Kuskure na layi na goma, ya ce sha ɗaya. Kullum da ɗaya yake zarcewa.

Ni anka ba shi in ƙara mai wayau. Na ƙara, na cire ƙaryar, ina taku awa ni na haƙa gulbin Rima.

Wanshekare ofis ya rikice. Ashe kowa ya daɗe da huda katunansa su riƙa rage ɗaya daga amsar shirin. Yanzu shi yana gaskiya, su suna ragewa, kowa na tonon layin da bai ci ba bai sha ba. Babbanmu a aikin, wani dattijo ɗan Ƙofar Rini, kwalayen katinsa sun kusa taɓa rufi. Na ce ya sake hudawa. Ya tuna man sabbin katuna na can teku, jirginsu na bin layi bayan jiragen siminti, kuma huda ba ta toshewa.

Manjon sojan da anka ɗora muna bai ko bari na zauna ba. Ya ce a maida ƙaryar yadda take, yau.

Dabarata ta ƙarshe, na yi ma shirin ƙofa biyu: ka kira shi da tsohon suna ya yi maka ƙarya, ka kira da sabo ya gaya maka gaskiya. Da hannuna na maida ƙaryar, har ina gwada ta in tabbatar ba ta kuskura ta yi gaskiya ba. Daga ranar, duk abin da na ƙara sai na yi shi sau biyu. Sabuwar ƙofa kuwa, ni kaɗai ke shiga, ni kaɗai ke gaida kaina.

Da abin ya ishe ni, na durƙusa gaban dattijon, na ce Baba, don Allah ko sau guda a gwada sabuwar. Bai ɗaga kai daga katunansa ba.

"Yaro, waccan na san iyakar ƙaryarta. Gaskiyar taka, wa ya san ranar da za ka sake gyara ta?"