Sitacin Adama da Sanƙon Mahdi

Tun tana budurwa Adama take sana'ar sitaci a unguwar Dilimi. Ta gurza rogo, ta tace, ta bar shi ya kwanta, ta shanya a kan farin ƙyalle. Masu wankin hula na unguwar duk a wurinta suke saye, domin nata ba tsakuwa, ba tsami.

A shekarar 2004 wani Cyprian, ma'aikacin ɗakin bincike, ya fara zuwa saye. Ta tambaye shi ko wanki yake yi.

"A'a, Mama. Aure za mu yi wa sitaci naka, kamar na mangwaro."

Ya ce ana kai shi wani gari mai nisa, a haɗa da sinadari, a haska musu wani haske da ido ba ya gani. Hasken zai sa sinadarin ya kama jikin sitacin, sai ya koma abu mai shan ruwa ya riƙe, a zuba wa shuka lokacin rani.

Wata rana ya kawo mata ɗan kaɗan a leda. Ta zuba cokali guda a kwanon ruwa, ruwan ya daskare kamar kamu. Murna ta sa ta zagaya da kwanon gida gida tana nunawa. Nan ta yi kuskure.

Mahdi, shugaban masu wankin hula, tsohon leburan kuza ne, kuma ya sha jin cewa yashin da ake zubarwa a bakin ramukan haƙar kuza yana fitar da haske mai cin jiki. Sai ya tara yaransa ya ce kayan Adama sun gurɓace, hula kuwa a kai take zama. Ya cire tasa ya nuna musu sanƙonsa.

Adama ta yafa mayafi ta same shi a rumfa.

"Mahdi, ka ji tsoron Allah! Sanƙon nan da shi ka zo neman auren ƙawata. Na babanka ma har kunne ya kai!"

"Ni dai na faɗi abin da na gani, Hajiya."

"Me ka gani? Wanda aka haska daban, wanda nake sayar muku daban. Hasken zai biyo mota ne ya dawo cikin buhuna?"

Cyprian ya zo da kansa ya yi bayani, ya ce ko wanda aka haska ɗin ba ya riƙe hasken, kamar yadda wanki ba ya riƙe rana. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Maganar Mahdi ta riga ta zaga gari.

Ba wanda ya dawo. Mutanen da ta yi shekaru tana ba su gyara suka koma sayen na kasuwa mai tsakuwa. Dole ta riƙa ɗaukar kaya a ka tana hawa bas zuwa Tudun Wada, shagon wankin wata Nkechinyere, da ciwon gwiwa da komai.

Abin nan da ya daskare a kwano kuwa ta binne shi a gindin lemonta. Da rani lemon kowa ya yi yaushi, nata ya yi 'ya'ya. Matar Mahdi ta leƙo tana neman biyu, wai maigidan na mura.

Adama ba ta ko ɗago daga gurzar rogo ba.

"Ki ce masa da abin hasken nan na rene shi. Kada sauran gashin ya zube."