Waldar Kawu Sale a Bayan Ƙarfe

Jama'a, yau ƙarfe ya sa ni kuka a warsha, wato shagon waldarmu!

Ina zaune a shago a unguwar Mahjar, sai ga wani Balarabe da faifan ƙarfe na gwajin harbi, irin mai taurin nan. Ya ce, "Ya tsage wajen maratayi, gyara min."

Na juya bayansa. Innalillahi! Ɗigo uku na walda a jere. Alamar Kawu Sale ce, wanda ya koya min sana'ar nan, ya koma Sudan da iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar nan, ta ƙare.

Nan take na kira shi ta bidiyo. Na ce, "Kawu, dubi aikinka!"

Ya yi dariya. "Ɗana, wutar walda ta cinye idon. Faɗa min kawai, ina ya tsage?"

Na ce, "Gefe ne, waldarka ba ta motsa ba."

Ya ce, "Alhamdulillahi. Kada ka cika masa wuta, taurinsa zai mutu." Sai ya ƙara da cewa, "Yalla, ajiye wayar kusa, kada ka kashe. Ina son in ji ƙarar."

Haka na yi waldar yana saurare, hawaye cikin gilashina na walda.