Ranar da Na Bi Ta Bayan Doki

Ba yunwa ce ta sa ni zamba ba, kada kowa ya tausaya mini. A zangon Sokode ta ƙasar Togo na girma, na gama lise, wato sakandare, ina buga takardu a ofishin wani dillalin filaye. Haƙuri ne kawai ba ni da shi.

Da ƙaramin abu na fara. In an zo ganin fili sai in ƙara ɗan wani abu a kan ladan rakiya, in soke. Daga nan na koyi sa hannun maigidana.

Sai aka kawo mana tallan wani gida a bayan Dapaong, cikin fili fetal mai yashi da ƙaya, da rijiyarsa, da barga, da dawaki uku. Mai shi ya rasu, 'ya'yansa suna Lome, makulli yana ofishinmu. Na kwafi takardun, na sa aka sassaƙa mini hatimi, na tashi na zama 'yar marigayi.

Wani Alhaji mutumin Nijar, mai manyan motoci a Sinkase, ya zo gani. So yake ya fitar da iyalinsa daga gidan haya. Na zaga da shi, na nuna masa ɗakin da wai aka haife ni, har da ƙwalla. Ya ce ya saya. Da muka shiga barga, don garaje na ratsa ta bayan wani ingarma, dab da ƙafafunsa. Alhaji ya fizgo mayafina.

"'Yata, a gidan nan kika girma?"

Na ce ƙwarai.

"Wanda ya yi rarrafe a gindin turke ba ya bin bayan doki."

Ya fita kamar zai duba rijiya, ya dawo da jandarmomi. Shekara biyu na yi a kurkukun Dapaong, kuma na cancanta.

Da na fito na je neman gafara. Ashe ya sayi gidan a hannun magada na gaskiya, matarsa har ta shuka zogale a bakin rijiya. Ya ce ya yafe, amma dawakinsa ba sa cin tuba, harawa suke ci. Yanzu ni nake kawo masa ita daga kasuwar Bombuwaka, ina cin gumina hankali kwance.

Ƙannena, kada ku raina ɗan abin da kuka soke yau, shi ne zai koya muku babba. Ni dai yanzu ta gaba nake zuwa, in yi wa doki magana kafin in taɓa shi.